Tallafi ko nauyin uba: mi kunka gani a unguwanninku?

Mai tambaya, Mabera: Jama'a, tun da anka cire tallafin fetur a Mayun 2023 gardamar nan ta ƙi ƙarewa a majalisarmu. Wasu sun ce wanda bai iya ciyarwa ya bar tara iyali, wasu sun ce gwamnati ce da nauyi, tunda ƙididdigar 2022 ta sa Sakkwato kan gaba a talauci, kashi 91 cikin ɗari. Ba wa'azi nike so ba, kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani.

Wata uwa, Runjin Sambo: Ɗiya biyar gare ni. Ubansu ya ƙara aure, ya ce bakin da Allah ya tsaga ba ya rasa abinci, amma da kuɗin ƙosaina bakin nan ke ci. Zamanin Buhari na samu dubu biyar ɗin nan ta wata-wata, na sai wake da mangyaɗa na yi jari. Da ya san ranar biya sai ya daina ba da cefane. To, Malam, wa anka tallafa wa, ni ko shi?

Ɗan kabu-kabu, Arkilla: Hajiya, ki yi haƙuri, ba duka munka zama ɗaya ba. Lokacin da na yi aure ina cika buhun gero ba fargaba. Farashi ne ya tsere mini. An rubuta sunana a tallafin dubu 25, har yau shiru. Ɗiyan da anka riga anka haifa, in mayar da su ina?

Ma'aikaciyar jinya: Layin masu tamowa uwaye ne da kakanni, da wuya ka ga uba. Nakan yi musu zancen tazarar haihuwa, amsar guda ce: sai maigida ya yarda. Abin da ya fi ƙona mini rai, madarar da muke ba yaro ita ake rabawa gida duka, wani lokaci ka tsince ta a kasuwa.

Wani dattijo, Gidan Igwai: Ciyar da ɗa wajibi ne kan uba, ba jayayya. Amma maƙwabtana 'yan Sabon Birni ne, 'yan bindiga sunka raba su da gonakinsu. Waɗannan ba sakaci sunka yi ba, zakka haƙƙinsu ce. Mun kai sunan wata mai marayu Hukumar Zakka da Waƙafi ta hannun mai unguwa.

Wata uwa, Runjin Sambo: Baba, mai marayu ana rubuta ta. Mu da mazanmu ke raye suna shan shayi bakin titi, a wane layi za mu tsaya?