Wai birki ne ke tsayar da jirgin yaƙi a kan ruwa?

Kawu na Ƙofar Soro: Bidiyon nan da aka turo na jirgin yaƙi yana sauka kan jirgin ruwa, haɗi ne. Ku je filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa ku ga gudun da jirgin alhazai ke yi kafin ya tsaya. Wane birki ne zai yi wannan aiki?

Malamin Kimiyya: Allah ya ja kwana Kawu, ai ba birki ba ne. Ƙugiya ce a wutsiyar jirgin, ga igiyoyin ƙarfe uku ko huɗu an gicciya a dandamalin. Da ta cafki ɗaya, cikin daƙiƙa biyu ya tsaya cak. Jiragen ruwan Amurka samfurin Nimitz tsawonsu mita 333 ne kacal, wurin saukar ma bai kai haka ba.

Bakaniken Rafindaɗi: Abin da ya ɗaure mini kai, ƙarar injin ƙaruwa ta yi bayan tayoyi sun taɓa ƙasa. Mai son tsayawa yana taka totur?

Malamin Kimiyya: Oga, kunnenka bai yaudare ka ba. Da gangan matuƙin ke murɗa wuta. In ƙugiya ta kuskure igiya, yana da ƙarfin sake tashi ya zagayo. In ya sassauta, teku ce gabansa.

Kawu na Ƙofar Soro: To tashin fa? Ko shi ma ƙugiyar ce?

Malamin Kimiyya: Harba shi ake yi, Kawu, kamar dutse a danƙo. Tururi ke fizgar tayar gaba, cikin tazarar da ba ta kai mita 100 ba ya haura kilomita 250 a awa. Jirgin ruwan Amurka Gerald Ford da ya fara aiki a 2017 maganaɗisun lantarki yake amfani da shi. Na Ingila kuwa, Queen Elizabeth, tudu aka yi masa a goshi, jirgin yaƙi F-35B ya hau ya tashi, ya dawo ya sauka a tsaye.

Ɗan Autan Zaure: Ashe mu ma sai mu sayi ɗaya mu ɗora jiragen yaƙinmu JF-17.

Bakaniken Rafindaɗi: Kai yaro! Dala biliyan 13 aka kashe wa Ford. Kuma ba kowane jirgi ke jure wannan buguwar ba, ƙafafun F/A-18, jirgin yaƙin Amurka da ke sauka a kansu, na musamman ne.

Kawu na Ƙofar Soro: Ƙugiyar na yarda. Batun danƙon nan dai, Malam, turo bidiyonsa tukuna.