Bikina ya faɗo a tsakiyar zafin Afrilu, ya zan yi da kwalliya?

Amaryar Gyaɗi-Gyaɗi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. An sa ranar bikina, ya faɗo cikin Afrilu, kuma duk wanda ke zaune a Kano ya san halin Afrilu. Ni baƙa ce, ba wankan tarwaɗa ba, baƙa sosai, ga fuskata da maiƙo. Ko da safe na shafa hoda, kafin in sauka daga Adaidaita a bakin Kwari goshina ya fara ƙyalli. Kwalliyata kuwa tun tasowata ba ta wuce hoda da kwalli da man leɓe ba.

Tsarin bikin shi ne kamu ranar Alhamis, ɗaurin aure Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Asabar yini da rana sannan dina da dare, Lahadi a kai ni. Dinar ma dangin ango ne suka matsa, ni da za a bar ni da walima ta ishe ni.

Abin da ke tayar min da hankali na gan shi ne a bikin 'yar ƙanwar babana bara. Kalarmu ɗaya da ita, amma da ta fito daga wurin kwalliya fuska ta yi fari fat, wuya da hannu suna nan a baƙinsu. Kakarmu tana zaune a kan tabarma aka shigo da ita, ta dube ta, ta dubi ƙawaye, ta ce to ina amaryar? Aka yi ta dariya, ita kuwa baiwar Allah har yau ba ta rataye hoton nan a falonta ba. Na duba shafukan masu kwalliya a Instagram har idona ya gaji, duk amaren kamanninsu ɗaya, gira ɗaya, hanci ɗaya.

To ina neman shawara. Ya ake gane mai kwalliyar da ta iya baƙar fata? Me zai riƙe fuska a wannan zafin? Sannan maganar salla, don ba na so a ce ranar aurena ce na fara haɗa Azahar da Isha'i. Kuma ba na son a taɓa min gira da reza. Wata mai gyaran jiki ma ta ce akwai wani haɗin mai da za ta ba ni in fara shafawa tun yanzu don "haskena ya fito", ban ba ta amsa ba tukuna.

Mai Kwalliya daga Hotoro:

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin. Wannan sana'ata ce, bari in faɗa miki abin da ba kowace a cikinmu za ta faɗa ba.

Man nan na "fito da haske", ki ba ta haƙuri ki bar shi. Haɗin da ba suna ba takarda, an ɗura a roba, sau da yawa akwai hydroquinone ko sinadarin steroid a ciki, hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansu. Mu da muke tsayawa dab da fuskar amare mu muke ganin ɓarnar: fata ta yi siriri, kumatu su yi ja, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi ƙirin, ƙananan ƙuraje su feso a goshi. Irin wannan fuskar ba ta karɓar kwalliya, kina shafawa tana tattarewa. Baƙar fata lafiyayya ta fi kowace daɗin aiki a hannu.

Abin da ya sami 'yar uwarki kuwa ba wani sirri ba ne. Da yawa daga masu kwalliya kalolin faundeshin, wato man da ake shafawa a daidaita kalar fuska, kaɗan ne a akwatinsu, kuma masu haske ne, don su aka fi nema. Idan baƙa ta zo, sai a ɗauki wanda ya fi kusa a shafa, a bi da hoda mai haske a ƙasan ido har ta gangaro kumatu. Wani lokacin kuma, in faɗi gaskiya, ƙawayen amarya ne ke tsaye a kanmu suna cewa Anti a ƙara mata haske.

Don haka kada ki biya kuɗin kama rana sai an yi miki gwaji. Ki je da kanki, ki ce ta buɗe akwatin ki ga kalolin masu duhu. Ta ɗiga biyu ko uku a gefen haɓarki, ta ja su zuwa wuya, sannan ku fita tsakar gida da madubi. Ban da fitilar nan mai zagaye, ita kowa kyau take masa. Wanda ya ɓace a fatarki kika rasa inda aka shafa shi, shi ne naki. Kuma baƙi ma iri-iri ne, wata baƙinta yana da ja a ƙasa, wata rawaya. In aka sa wa mai ja na rawaya sai ki ga fuska ta yi toka-toka, ko da duhun ya yi daidai. Ni nakan haɗa kala biyu a bayan hannuna kafin in samu. Zaron da House of Tara na gida ne, don fatarmu aka yi su, Black Opal da Maybelline Fit Me ma suna da masu duhu. Amma akwai jabu a kasuwa sosai, in ke za ki saya ki tafi da wadda ta san kaya.

Bayan gwajin kada ki wanke. Ki wuni da shi, ki shiga kicin, ki hau Adaidaita, ki duba madubi bayan La'asar. Wani faundeshin yana ƙara duhu ko ya koma ja idan ya haɗu da maiƙon fuska, ba a ganin haka sai an jima.

Maganar zafi: kauri ba ya riƙe kwalliya, shi ne ma ke sa ta narke. A wanke fuska, a shafa mai marar nauyi ko da kina da maiƙo, a sa firaima mai tsane maiƙo, wanda ake shafawa kafin faundeshin, a goshi da hanci da haɓa kawai. Faundeshin a yi shi siriri, a daddanna da soso mai ɗan danshi, inda ke da tabo kaɗai a ƙara. Hoda a danna ta, ba a share ba, a ƙarshe a fesa ruwan da ke kama kwalliya. In gumi ya zo, babbar ƙawa ta ɗora tishu ta danna a hankali ta ɗaga, kada ta goga, kada kuma ta yi ta zuba hoda a kan gumi, nan ne fuska ke tsagewa. Ki sa kayanki kafin a fara idan ta kai ake sa rigar. Ki nemi fanka mai caji, kin dai san halin wutarmu.

Gira kuwa ba dole sai da reza ba. Ana taje ta sama, a cike gurbi da jagira, a gyara gefenta da konsila, wato man rufe tabo, kalar fata. Ki faɗa tun a waya, ki sake faɗa kina zama a kujera, don wasu hannunsu ya saba, kafin ki ankara an wuce wurin.

Gwaggon Yakasai:

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika sa salla a lissafi. Na aurar da 'ya'ya mata, na kuma yi uwar biki ba adadi, abin da na gani shi ne matsalar ba ta kwalliya ba ce, ta tsarin lokaci ce. Amarya ta zauna a kujera tun hantsi don taron da za a yi bayan Magariba, ina alwala za ta kai? Ruwa dai sai ya taɓa fata, kuma abin da aka yi shi don kada ruwa ya ratsa, ai kin ga magana ta ƙare. Ga farcen roba, ga gam ɗin gashin ido. Wannan ki tambayi malamar Islamiyyarku ta yi miki bayani dalla-dalla, ni tsari kawai zan ba ki.

Ranar kamu ki yi alwala, ki yi Azahar, a fara. Ki rage shan ruwa da lemo barkatai, in Allah ya taimake ki alwalar ta kai ki La'asar, ana Magariba an watse kin wanke. Ranar dina kuwa kada ki yarda a taɓa fuskarki sai kin yi Magariba, ki riƙe alwalar ki yi Isha'i da zarar lokaci ya shiga, sannan ki fita. Wace dina ce a garin nan aka taɓa farawa a kan lokaci? Yinin Asabar ki yi 'yar hoda da kwalli da jan baki da hannunki, wadda za ki wanke ba tare da jin ciwon kuɗinki ba.

Sai gyaran jiki. Dilka da halawa da turaren jiki ba ni da ja a kansu, tun kafin a san akwatin kwalliya ake yin su. Amma halawa a gama ta da kwanaki kafin kamu, don tana barin fata da ja da ƙananan ƙuraje, kuma ni ba na bari a kai ta fuska. Kurkum ɗin da ke cikin dilka yana barin rawaya a jiki, to gwajin da 'yar Hotoro ta ce ki yi, ki maimaita duba kalar bayan an gama dilka.

Lalle kuma ki yi hattara da baƙin. Jan lalle ganye ne, ba kasafai yake cutarwa ba in ba a yi masa haɗe-haɗe ba, kuma sai ya kwana ɗaya ko biyu yake nuna sosai. Baƙin nan da ke kamawa nan take, sinadarin rinin gashi ne a ciki. Na ga amaryar da zanen fulawar ya tashi ya zama ƙuna, hannu ya kumbura har awarwaro ya ƙi shiga, kuma ba a ranar ya nuna ba, sai da aka kwana biyu. In dole sai kin yi, a ɗiga miki kaɗan a cikin dantse tun da sauran lokaci, ki jira kwana biyu zuwa uku ki gani. In kin taɓa yin rini ya yi miki ƙaiƙayi, ko gwajin ma kada ki yi.

Mai Hoto, Zoo Road:

Hajiya, a yi haƙuri na shigo maganar mata, amma mu ake zagi idan hoto ya fito. Akwai farar hoda da wasu mayukan kare rana da ido ba ya ganin komai a kansu, amma filashi na sauka sai su mayar da haske, ƙasan ido ya fito fari tas. Ranar gwaji ki shiga ɗaki ki kashe fitila, a ɗauke ki da filashin waya. In kin ga fari, a canza hodar. Kuma ki gaya wa mai hotonki da bakinki cewa ba kya son a ƙara miki haske a kwamfuta, don wani farin ba daga mai kwalliya yake ba, daga wurinmu ne, mun saba ana nema.

Maman Biyu, Rijiyar Zaki:

Ni dai zan ɗan saɓa. Kada tsoro ya sa ki fita dina da fuskar zuwa Islamiyya. Zauren taro fitilu ne masu ƙarfi, ga leshi mai duwatsu, ga gwaggwaro, ga sarƙa. In fuska ba ta da komai kayan sai su cinye ki. Ni ma baƙa ce, kuma ranar tawa na bari an yi min ido sosai, ruwan zinare da ruwan ƙasa, da jan baki mai duhu kalar zoɓo. Kala ba ta yi wa baƙar mace yawa, haske ne ke ɓata ta. Gashin ido ne kawai zan ce ki zaɓi gajere in za ki sa, dogon nan yana hana buɗe ido, duk hotunan ƙawata kamar tana jin barci.

Ranar kai amarya kuwa kada ki kashe ko sisi. Za a kai ki gaban Baba ya yi miki nasiha, Umma ta kasa magana, ke da kanki ba za ki san lokacin da za ki fara ba. Ga lulluɓi an ja har ƙirji, ga zafin mota. Ni maskara ce ta zubo ta ɓata min farin mayafi, har yau tabon bai fita ba. Wanka, turare, humra, hoda kaɗan, shi ke nan. Ki kuma tanadi abin goge kwalliya mai kyau da man wanke fuska a jakar hannunki, ba a cikin akwatunan da za a wuce da su jere ba, don daren dina da kyar za ki iya tsayuwa, kuma in kika kwana da ita za ki tashi da ƙuraje ranar da dangin miji za su buɗe fuskarki.

Amaryar Gyaɗi-Gyaɗi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gwaggo, na karanta wa Ummana naki, ta ce a gaishe ki, wai dama bakinta ya gaji a kan baƙin lallen. Mai man haske na ce mata a bar shi, ta ɗan ji haushi amma za ta yi dilkar. Maman Biyu, jan baki kalar zoɓon nan ya shiga raina. Anti ta Hotoro, saura abu ɗaya: kakata ta ba ni tsohon tandunta na kwalli, irin na dutse da ake saya a Kurmi a daka, ta ce shi take so in sa ranar kamu. Zai zauna da sauran kwalliyar?

Mai Kwalliya daga Hotoro:

Zai zauna, amma da gumi da maiƙo irin naki zai gangaro ƙasan ido kafin dangin ango su gama ciniki da ƙawaye. Kuma kwallin dutse sau da yawa akwai dalma a cikinsa, shi ya sa likitoci ke hana sa wa jarirai, ni ma ba na zura shi cikin idon amarya. Ki karɓi tandun, ki riƙe shi a hotunan kamu, zai yi kyau da saƙi in shi za ki sa. Idon kuma a ja miki da fensir baƙi wanda ruwa ba ya ɗauka, a danne shi da baƙar hoda ta ido. Ki saya naki sabo ki tafi da shi, har da maskara da soso, don abin da ya shiga idon wata bai kamata ya shiga naki ba.