Tambaya kan gashin tukwane irin na raku

Jikan Maginiya, ƙasar Ringim: Assalamu alaikum. Kakata ta daɗe tana ginin tukwane, kuma ni ne mai tara mata kara da kashin shanu ranar gashi. Kwanan baya na ga bidiyon wani gashi da ake kira raku, inda ake zaro kasko daga tanderu yana ja jawur, a jefa shi cikin garin katako. Na gwada da kasaken turare huɗu, uku suka tsage tun suna bakin awartaki. Shin yumɓunmu ne bai dace ba, ko hannuna ne bai faɗa ba?

Tsohon Malamin Zane: Wa alaikumus salam, ɗana. Asalin raku daga birnin Kyoto na ƙasar Japan ne, a ƙarni na 16, lokacin da wani magini mai suna Chojiro yake gina kwanukan shan shayi da hannu zalla, ba tare da na'urar juyi ba. Jefawa cikin garin katako kuwa ƙari ne da Paul Soldner ya yaɗa a Amurka wajen 1960. Abin da ya fasa maka kaya shi ne fitowa daga zafin da ya kusa digiri 1000 zuwa sanyin iska farat ɗaya, wanda yumɓu mai laushi ba ya iya jurewa. Ka daka tsingaro ka tankaɗe, ka cuɗa shi da yumɓun, sannan ka yi wa kaskon gashin farko ya huce kafin na biyu.

Maginiya daga Ɗambatta: Ƙanena, ban ga baƙon abu a nan ba. Mu ma idan muna son tukunya ta yi baƙi, muna binne ta cikin ƙaiƙayi tana da zafi, hayaƙi ya shige ta, wasu kuma su yayyafa mata ruwan bagaruwa. Shafin gilashin nan da ake shafa wa kayan raku, mai tsattsagewa kamar busasshen tafki ne kaɗai ba mu da shi. Da ka tambayi kakarka tun farko, da kasakenka suna nan.

Tsohon Malamin Zane: Gaskiyarki, Hajiya. Sai dai a kiyaye, kayan raku na ado ne, domin suna tsatsar da ruwa, kuma wasu shafe-shafen suna ɗauke da dalma, don haka kada a zuba musu fura ko miya.

Jikan Maginiya: Na gode ƙwarai. Na karanta wa Kaka amsoshinku, ta yi dariya, ta nuna mini tarin fasassun tuluna a bayan rumbu, ta ce in fara daka tun yau.