Yaya ake gama digiri ba tare da mutum ya kashe kansa da karatu ba?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina aji ɗaya, zango na biyu. Ina aiki daga ƙarfe 4 na yamma zuwa 10 na dare, kuma ba zan iya barinsa ba, da shi nake biyan kuɗin makaranta. Lokacin da nake samu na karatu bai wuce awa ɗaya da rabi a rana ba. Ba sakamako mafi daraja nake nema ba, so nake in fita a kan lokaci da takardar da ba zan ji kunyar nunawa ba. Yayyenmu da kuka riga mu, wane karatu ne mafi ƙanƙanta da zai fisshe ni?

Na Bayan Aji: Wa alaikumus salam. Tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Nemi na shekara biyar ka haddace, magana ta ƙare.

Injiniyan Gobe: Kuma kada ka yi wasa da tes da asayimen. Maki ne zube a ƙasa, tsinta kawai ake yi.

Tsohon Ɗalibi: Na Bayan Aji, don Allah ka janye wannan maganar kafin ka jefa yaron mutane a rami. Ni ma haka aka gaya mini ina aji biyu, kuma ta yi mini aiki zango uku a jere. Ba na shiga lakca sai na ji an ce za a ɗauki suna. In jarrabawa ta rage kwana huɗu sai in ari littafin wani in kwafe, in haɗa da tsofaffin tambayoyi, in kwana ina hadda. Ina ci kuwa, har na fara ganin masu zuwa aji kullum ɓata lokacinsu suke yi.

A aji uku aka canza malamin wani kwas mai yunit 4. Ban ma san an canza shi ba, tunda ƙafata ba ta taka ajin. Na shiga ɗakin jarrabawa na kwana biyu ban runtsa ba. Aka ajiye mini takarda, na duba daga tambaya ta ɗaya zuwa ta shida, babu wadda na taɓa gani. Abin da ya fi ci mini rai ita ce ta uku, domin na san na karanta abin da ake nema. Ina ganin shafin a idona, ɓangaren dama daga sama, har layin da na ja da jan biro ina gani, amma kalmomin sun ƙi zuwa. Awa biyu ina juya biro a hannu. Na kusa da ni sau biyu yana ɗaga hannu a ƙara masa takarda.

Kwas ɗin nan sai ka ci shi ake barinka ka ɗauki wani na aji huɗu, don haka faɗuwa ɗaya ta ja mini ƙarin shekara guda cur. 'Yan ajinmu suna ɗaukar hoto da rigar yaye, ni ina layin rajista da ƙannenmu. Mahaifina bai yi mini faɗa ba. Ya karɓi takardar ya duba, ya miƙo mini, ya yi shiru. Na fi shekara ina jin shirun nan a ƙirjina.

To ƙanina, ga abin da na gani a shekarar da na maimaita. Awowin da na yi ina karatu ba su kai na da ba in ka haɗa da kwanan da nake yi, amma a lokacin na samu makin da ban taɓa samu ba. Kowace lakca ina nan, a layin gaba. Da dare sai in rufe littafi, in ɗauki farar takarda in rubuta duk abin da na tuna daga ajin ranar, minti 15 ko 20, sannan in buɗe in ga inda na zubar. Tunda da yamma kake aiki, safiyarka ta aji ce. Kada ka bari ta kuɓuce maka.

Na Bayan Aji: Allah ya ba da haƙuri yaya, ban san ta taɓa ritsawa da kai ba. Amma ai ni ban ce kada ya je aji ba.

Tsohon Ɗalibi: Ka ce magana ta ƙare. Ita ce na ƙi.

Malamin Jami'a: Tsohon Ɗalibi, abin da ka gano da wahala, bincike ya daɗe da nuna shi. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa: ya haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, yana auna yadda suke zubewa. Ya tarar mafi yawan mantuwa a awowin farko da ranar farko take faruwa, daga nan sai ta yi sanyi. Shi ya sa bitar daren ranar ta fi ta bayan wata biyu araha nesa ba kusa ba. A 2006 kuma Roediger da Karpicke, a wata jami'a a Amurka, sun ba ɗalibai rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu suka karanta sau ɗaya sannan aka riƙa sa su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda lamarin ya juye: masu gwada kansu suka tuna kusan kashi 61 cikin ɗari, masu maimaitawa kusan kashi 40. Ku lura da wancan minti biyar ɗin, nan tarkon yake. Maimaita karatu yana sa ka ji ka iya, alhali ido ne kawai ya saba da shafin.

Game da tsofaffin tambayoyi, ni ina son ɗalibaina su neme su. Amma a zauna a amsa su da agogo, littafi a rufe. Wanda ya haddace amsa, da na sauya lamba ɗaya a tambayar na gan shi.

'Yar Medisin: Duk wannan na masu kwasa-kwasai masu sauƙi ne. Ku zo ku yi anatomi, ilimin sassan jikin mutum, da awa ɗaya da rabi a rana mu gani.

Ɗan Tarihi: Kin fara ko? Kullum ku 'yan medisin gani kuke ku kaɗai aka turo karatu, sauran mu rakiya muka zo.

'Yar Medisin: Ni ban kira sunan kowa ba.

Ɗan Tarihi: Ba sai kin kira ba. Ki karanta littafi mai shafi 400 a mako guda, ki rubuta sharhi a kansa, sannan ki dawo mu yi maganar sauƙi.

Injiniyan Gobe: Ku biyun nan duk inda kuka haɗu sai an raba ku.

Mai Kula da Zaure: Jama'a a dawo kan tambaya. Yaro shawara ya nema.

Maman Biyu: Ɗana Sabon Shiga, ni da goyo na yi digirina, na san abin da kake faɗa. Abu na farko, ɗauko takardar rajistarka ka duba yunit na kowane kwas. Lissafin sakamako ninkawa ake yi, darajar makinka sau yawan yunit, a tara, a raba da jimillar yunit. Kwas mai yunit 4 ya ninka mai yunit 1 sau huɗu a nauyi. Na ga ɗalibai suna kashe mako a kan ƙaramin kwas don yana musu daɗi, su bar babban yana jiransu. Lokacinka kaɗan ne, ka zuba shi inda nauyi yake. Ni minti 25 nake sawa a agogon waya, in kife ta, ba na taɓawa sai ta buga, sannan in huta minti biyar. Uku irin wannan a rana shi ne awa ɗaya da rabin naka. Kuma daren jarrabawa ka yi barci, ko awa shida ne. A cikin barci ƙwaƙwalwa take daidaita abin da aka zuba mata.

'Yar Medisin: Tunda Anti ta yi magana bari in faɗi nawa. Anki. Manhaja ce ta katin tambaya da amsa. Ka rubuta tambaya a gaba, amsa a baya, ita take lissafa ranar da za ta sake nuna maka. Wanda ka iya sai ta ɗaga shi zuwa kwanaki masu yawa, wanda ka kasa ta dawo maka da shi nan kusa. A layi ko a mota ma kana iya yi. Amma ka rubuta katinka da kanka, na wasu ba ya zama a kai.

Na Bayan Aji: Asayimen kuwa a ba ChatGPT, manhajar nan da ke rubuta wa mutum amsa, minti biyu ya gama. Yanzu wa yake wahalar da kansa?

Malamin Jami'a: Na Bayan Aji, yau kai da ni ne. Zangon da ya wuce an kawo mini aiki mai manazarta takwas, na bi su ɗaya bayan ɗaya, uku babu su a duniya. Sunan marubuci na gaske, sunan mujalla na gaske, maƙalar kuwa ba a taɓa rubuta ta ba. Na kira ɗalibin na ce ya yi mini bayanin sakin layi na biyu da bakinsa, ya tsaya yana kallon takalminsa. Raina ya ɓaci, domin yaro ne mai kai. In za ku yi amfani da shi, ku ba shi darasinku ku ce ya yi muku tambayoyi, ku amsa, sannan ku duba littafi. Kada ku miƙa abin da ba za ku iya karewa ba.

Ɗan Tarihi: Malam, to ku ma ku rage ba mu asayimen biyar a mako guda, duk a ce ranar Litinin.

Malamin Jami'a: Wannan kuma da gaskiyarka. Ba ma zama mu daidaita ranaku a tsakaninmu, kuma ya kamata mu riƙa yi.

Gaskiya Ɗaya: Ni dai tambayar ce ba ta yi mini ba. Wanda ba ya son karatu me ya kawo shi jami'a? Gobe a ba shi aiki ya rasa yadda zai yi.

Maman Biyu: Haba ɗan'uwa, ka koma sama ka karanta. Awa shida yake aiki kullum don ya biya wa kansa makaranta. Wannan ba malalaci ba ne.

Gaskiya Ɗaya: Ban ga wannan wurin ba. A yi haƙuri.

Injiniyan Gobe: Anki ɗin nan tana aiki ba data?

'Yar Medisin: Tana yi. Data sai in za ka haɗa ta waya da ta kwamfuta. A Android sunanta AnkiDroid, kyauta ce, ta iPhone kuma sai an saya.

Injiniyan Gobe: Lissafi fa? Mu namu ba hadda ba ce, warwarewa ake yi.

Malamin Jami'a: Ku naku biro da takarda. Rufe misalin da aka warware, ka yi shi da kanka, inda ka maƙale ka leƙa layi ɗaya kawai ka sake rufewa.

Ɗan Tarihi: 'Yar Medisin, ana iya sa hoton taswira a katin?