Na naɗe tabarmata: musayar waƙa daga Sakkwato

Ɗan Madunka:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kun ji ni shiru kwana biyu, to ga dalili, da wayar abokina ma nike wanga rubutu. Ran Talata anka zare min waya ga aljihu cikin turmutsin Kasuwar Kara, ni ko waƙoƙina dut ciki suke, guda 63, aikin shekara 6, don littahin da nike rubutu ciki ruwan bara ya riga ya cinye shi sadda ɗakinmu yay yi yoyo, shi yas sa nim maida komi ga waya ina ganin nan sun tsira. Ga kuma mai ɗab'in da nib ba kahin alƙalami tun azumi, yau gobe yau gobe, yanzu ko kira bai ɗauka. Wallahi na gaji. Ga ta bankwana.

Bismillahi yau zan naɗe tabarmata,
Ban zo da niyyar in ƙara zama ba.

Shekara shida ina ta ɗinkin baiti,
Har yau ban ga mai sa rigar ba.

Ruwan bara ya lashe littahina,
Tawada ba ta bar min ko layi ba.

Na maida saura cikin waya don tsaro,
Ban san ɗan sane na biye da ni ba.

Mai ɗab'i ya karɓe kuɗɗin gumina,
Ko bangon littahi ban gani ba.

Baba shina cewa waƙa roƙo ta,
Ɗan baduku ba a san shi da roƙo ba.

Ga hwata ga zare ga basilla na jira,
Su dai ba su taɓa cin amanata ba.

Ku yahe ni in na ɓata ma wani,
Waƙa taƙ ƙi ni, ni ban ƙi ta ba.

Ɗiyar Mabera:

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah shi maida maka da mahi alheri Yaya. Amma bankwanan ga ba mu karɓa ba, tsaya ka ji, da amsa-amonka zan rama maka.

Yaya tsaya, maido da tabarmarka,
Taron ga bai kai ga watsewa ba.

Ɓarawo waya yaɗ ɗauka yag gudu,
Bai ɗauki kan da yay yi waƙar ba.

In rijiya na nan da idon ruwanta,
Ɓatan guga bai hana shan ruwa ba.

Ni nan da goyo nike yin rubutu,
Sai sha biyun dare, kuma ban hwasa ba.

Yarona ya yage min babi huɗu,
Ya yi jirgi da su, bai san mi yay yi ba.

Na share hawaye na ɗora tukunya,
Na koma rubutu tun miya ba ta nuna ba.

Mai Keke na Gawon Nama:

Ni dai gaskiya zan hwaɗi ko za ku ji haushina. Kowa daure daure, to wa zai sai mishi waya? wa zai karɓo mishi kuɗɗinai wurin mai ɗab'i? Na bi hanyar ga kahin shi, shekara 4 ina zaryar situdiyo, har babur ɗina nis sai da, ranar da waƙar tah hito na zamna ina ta duba waya kamar mai jiran sakamakon jarrabawa, washegari sai da Innarmu tab ba ni kuɗɗin koko. Ku bar yaro shi nemi abinci.

Ku bar shi shi huta, ku daina zuga,
Yabo bai taɓa cika tumbi ba.

Na sai da babur na kai situdiyo,
Waƙar ba ta wuce ƙohwar gida ba.

Masu ce min sai kai ga Facebook,
Ko ɗaya bai sai min katin waya ba.

Yau bisa keke nike tun da asuba,
Zahin Afrilu bai san mawaƙi ba.

Riƙe basilla ɗan uwa ka ci tuwo,
Mai jin yunwa bai gane kari ba.

Malam na Kanwuri:

Wa alaikumus salam. Ɗana na ji ka, Allah shi ba ka haƙuri, rashin aikin hannu da zahi shike, wanda bai taɓa rubuta baiti ba ba zai gane ba. Mai Keke kai ma ka hwaɗi gaskiya amma rabi kah hwaɗi. Wa yac ce basilla da alƙalami kishiyoyi na? Mu nan mun tashi mun iske malamai na noma da rana suna rubutu da dare, wasu ɗinkin hula, wasu saƙa, ba wanda yaj jira waƙa ta ciyar da shi kahin shi yi ta.

Kuma kai ɗan Sakkwato na, ka san ƙasar da kake takawa. Shehu ya bar Ɗegel zuwa Gudu a 1804, anka ci nasara Tabkin Kwatto, shekarar ba ta hita ba anka sha kashi Tsuntsuwa inda mahaddata Alƙur'ani da yawa sunka yi shahada, 1805 ga Alwasa kuma wata asara, Alƙalawa ba ta hwaɗi ba sai 1808, kana a 1809 Muhammadu Bello yak kahwa birnin ga. Nana Asma'u haihuwar 1793 ta, kenan tana yarinya tag ga dut wanga da idonta, ta girma ta yi waƙa da Larabci da Fillanci da Hausa, kuma ba ta bar su cikin gahwaka ba, jaji-jaji, wato malamai mata da tat tura, ka hardace su su kai ma 'yan taru, matan da ka taruwa neman ilmi, ƙauye-ƙauye. Abin da nike so ka riƙe kenan.

Wani abu kuma, baitinka na biyar ya yi ɗingishi, ɗango na biyu ya gaza, ka gyara. Sannan na bar muku "ba" ɗin ga, waƙar da dut ƙarshenta ba, ba, ba kashe jiki takai. Na canza amsa-amo.

Ɗana matso ka ji ta manya,
Daga Ɗegel anka kama hanya,
Ba rumbu ba ko inuwar kanya,
Kuma ba a ji mai zancen komawa.

Tabkin Kwatto an ji daɗi,
Tsuntsuwa ta zo da rami mai hwaɗi,
Nan mahaddata da yawa sunka hwaɗi,
Sai allo yak koma hannun masu tasowa.

Nana ta rubuta, jaji ta ɗauka,
Da malhwa bisa kai rani da kaka,
Mata na rerawa wurin daka,
Takarda na ruɓewa ƙirji na riƙewa.

To kai da kac ce dut sun ɓace,
Ka tambayi wa ko ya hardace?
Tambayi taron ga kahin ka wuce,
Ka ga abin da za shi hitowa.

Bakabe na Jami'ar Ɗanfodiyo:

Allah shi gahwarta Malam, kamar ka shiga zuciyata! Ɗan Madunka ka tuna taron da munka yi bara a makaranta da kaz zo ka karanta ta gadar Kwalkwalawa, wadda kay yi kan ambaliyar 2010 sadda ruwa yat tsinke hanyar jami'a anka koma shiga jirgin ruwa? To na ɗauki muryarka ranar, tana nan cikin wayata baiti 17 cur, har tarin da kay yi tsakiya yana ciki. Kullum in mun biyo gadar cikin bas sai ta zo min baki. Ga mahwarinta don ka yarda:

Gulbi ya taso babu sallama,
Ya naɗe gada kamar tabarma,
Mai digiri da mai albasa dut sun zama
'Yan jirgi guda ana ta kyarma.

Ga kuma tawa amsa bisa ta Malam:

Ɗan sane ya ɗauki ƙwarya,
Hurar tuni mun sha, ba ƙarya,
Kowa shi amayo tai ga hanya,
Mu ga ko ƙwaryar ba ta cikowa.

Ɗiyar Mabera:

Allahu akbar! Ni ma na duba yanzun nan, ina da guda 9 da niɗ ɗauki hotonsu lokacin da kake turowa, har da ta marayu da ta watan azumi wadda nike karanta ma ɗalibaina na Islamiyya. Biyu ba su cika ba, ƙasan ya yanke, amma in ka ga kai ai ka tuna ƙahwa.

Mai Keke na Gawon Nama:

To tunda abin ya zama haka bari in hwaɗi. Akwai guda wurina, ta mai turin ruwa, wadda ke cewa kura ta yi nauyi gari da tudu. Ban rubuta ta ko'ina ba, kai ɗai ta zamna min, ita nike rerawa in na ɗauko hwasinja daga Tsohuwar Kasuwa rana ta take. Wani dattijo ya taɓa sa ni in maimaita mishi ita har munka wuce inda zai sauka. Maganata ta abinci dai tana nan ban janye ba.

Ban janye ba, tuwo shi ag gaba,
Mai iyali bai wasa da aljihun gaba,
Amma taka na bakina tun asuba,
Ita ka rage min nisan Dundaye in ina hawa.

Auta:

Yaya ni ta, Auta. Ka yi haƙuri na shigo maganar manya, Anti ta Mabera tat turo min. Akwai abin da ba ka sani ba kuma don Allah kada ka ce ma Baba ni nih hwaɗa maka. In ka hita, shina zaure shina ɗinkin kube ko jaka, waƙarka ta jar akuya shika rerawa ƙasa-ƙasa, da ya ji motsin takalmi sai shi yi shiru shi kama tasbihi. Ranar da anka ɗauke wayar bai ci tuwon dare ba, Inna na ta tambaya yac ce ciki na. Ni ban iya waƙa ba amma wagga na hardace ta daga bakinai:

Jar akuya ɗiyar sarauta,
Kin tahi kin bar muna hwata,
Toka ta ci, bagaruwa ta gyarta,
Har Maroko anka san ƙamshinta.

Baiti shida shika yi, in ya kai na majema sai shi maimaita sau biyu.

Malam na Kanwuri:

Madalla da Auta, Allah shi yi miki albarka. Baitin ga ko gaskiya na, hwatar jar akuyarmu ta ƙetare Sahara bisa raƙuma har Turai, can suna kiranta hwatar Maroko don ta nan tab biyo, mu da aikin wasu da suna. Ɗana kada ka je ka tsare mahaihinka da zancen ga, ka bar shi da kunyatai. Ka zamna kusa da shi da basillarka kurum, kunnenka buɗe.

Ɗan Madunka:

Na karanta na Auta sau uku, sai da nit tashi nib bar shagon abokina don kada a ga idona. Shekara 6 ina ganin ni ɗai nike haukana cikin gidan ga. Na ƙirga, ta gada, tara na Anti, ta Mai Keke, ta Baba, 12 kenan cikin 63, sauran 51 ban sani ba ko za su dawo, akwai wadda niy yi ma kakata ranar da tar rasu ko layi guda ban iya kamowa kuma ba wanda nit taɓa nuna ma ita, wagga kam tana ci min rai. Amma na je na sawo littahi mai kauri guda biyu, komi kwahi biyu za ni yi, guda wurina guda cikin akwatin ƙarhen Inna inda ruwa bai kai. Malam na karɓi gyara, na biyar ɗin zan sake mishi ƙahwa. Mai Keke kai ma na ji taka, da sahe zaure nike wurin Baba, rubutu sai bayan isha'i.

Na warware tabarmar da nin naɗe,
Ashe zaurenmu da mai ji ya daɗe,
Bakin da yah hana ni shi yar riƙe,
Ni ko ina waje ina ta cigiyawa.

Sha biyu sun komo, sauran na daji,
Wata ta tahi ke nan, Allah ka agaji,
Malam ka ce in zo, to ga ni na ji,
Da littahi biyu da biro mai zubowa.

Malam in ka yarda ran Assabar bayan la'asar mu haɗu zaurenka, kowa shi zo da abin da yar riƙe, Bakabe ka cika wayarka da caji don Allah.

Malam na Kanwuri:

Zaure buɗe shike. Ku zo da tabarma guda, tawa ba ta isarku.

Mai Keke na Gawon Nama:

Ƙarhe huɗu da rabi ina bakin Masallacin Shehu, in ɗauke ka kai da Bakabe. Kada ku sa ni jira, mai ya yi tsada.