Gadon rina fata kafin tafiya hutu: shiri ne ko ganganci?

Uwar Biyu: Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ƙarshen Disamba za mu tafi hutu inda ake ƙwalla rana, ga shi hunturu ya sa fatata ta yi wata uku ba ta ga rana ba. Ni fara ce, bara kwana biyu kacal na yi kafaɗuna suka yi jawur suna saɓa. Wata abokiyar aikina ta ce in shiga gadon nan mai fitilu da ke rina fata sau biyar ko shida kafin tafiya, wai fatar za ta saba, ba sai na yi ta shafa man kare fata daga rana ba. Maganar ta shige ni.

Ɗan Auta: Wa alaikumus salam Anti. Ni dai ina ganin hankali zai ɗauka. Mai aiki a waje kullum ba ya ƙonewa kamar wanda ya fito daga ofis. Gara a saba da sannu.

Malama Nas: Don Allah 'yar uwa kada ki shiga. Duhun da fata ke yi ba sabo ba ne, alama ce hasken UV, wato hasken da ido ba ya gani da ke fitowa daga rana da fitilun gadon, ya riga ya yi wa ƙwayoyinta rauni, sai jiki ya ƙaro launi don kare abin da ya saura. Kariyar da wannan duhun ke bayarwa ba ta wuce SPF 3 ko 4 ba (SPF shi ne ma'aunin ƙarfin kariya daga ƙunar rana), alhali man SPF 30 yana tare kusan kashi 97 cikin 100 na UVB, nau'in hasken UV mai ƙuna. Kin ga ranar za ta ƙone ki duk da haka, ga ɓarnar gadon a ƙasa. Tun 2009 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa waɗannan gadaje a rukuni na ɗaya na abubuwan da ke jawo kansa, rukunin da taba sigari take. Barazil ta hana su a shekarar, Ostareliya ma ta rufe na kasuwanci daga 2015. Na taɓa wanke wa wata matashiya ciwo bayan an yanke mata melanoma, wato wata kansar fata, a gadon baya, har yau ban manta fuskarta ba.

Baban Yara: Malama, to ai ku ma a asibiti kuna haska wa masu wasu cututtukan fata irin wannan fitilar. Ga bitamin D da mutum ke rasawa da hunturu.

Malama Nas: Ba iri ɗaya ba ne Alhaji. Na asibiti awo ne da shi, likita ke ƙayyade shi, kuma ga mai cutar da amfanin ya rinjayi haɗarin. Gadon kasuwa yawancin haskensa wani nau'in UV ne da ake kira UVA, bitamin D kuwa UVB ke sa jiki ya yi shi. Wanda nasa ya yi ƙasa, akwai ƙwaya.

Yaya Babba: Mu baƙaƙe dai Allah ya hutar da mu, wannan ba maganarmu ba ce.

Malama Nas: Yaya, haɗarin ya ragu sosai, ban musa ba, amma baƙar fata ma tana ƙonewa, kuma rana tana ƙara mata tabo da dabbare-dabbare. Zabiya da masu shafa man bilicin kuwa, su ne suka fi kowa buƙatar kariya.

Ɗan Auta: Na janye batun gadon. Amma man ma ban sakankance da shi ba. Mutum ya ɗan lakata sau ɗaya da safe, ya kwanta bakin ruwa har la'asar yana ganin ya tsira. Ba shi ma yaudara ba ce?

Malama Nas: Nan kam ka yi gaskiya, yawancin mutane ba sa shafa ko rabin abin da ya kamata. Babba yana buƙatar wajen mililita 30 ga jiki duka, minti 20 kafin fita, ya sake bayan awa 2 da kuma duk fitowa daga ruwa. Kunnuwa, ƙeya da bayan ƙafa ake yawan mantawa. A duba kuma wanda aka rubuta yana tare UVA. Daga hantsi zuwa ƙarfe 4 inuwa da malafa da riga mai dogon hannu sun fi kowane mai.

Uwar Biyu: Na gode Malama, na fasa, gobe zan kira masu gadon in soke. Bara ashe sau ɗaya nake shafawa a yini. Tagwayen fa? Shekararsu uku.

Malama Nas: Sun wuce wata 6, a shafa musu. Ki nemi mai sinadarin zink, ya fi sauƙi ga fatar yara, ki fara gwadawa a hannunsu tun kafin tafiyar.