Shawarwari kan buga tsofaffin wasanni a kwamfutar zamani

Da masu sha'awar tsofaffin wasannin bidiyo suka tattauna, abin da suka fara yarda a kai shi ne a zaɓi manhajar kwaikwayo (wadda ke sa kwamfuta ta yi aiki kamar tsohuwar na'urar wasa) daidai da na'urar: MAME, wadda ta fito a 1997, don wasannin akwatunan gidajen wasa, PCSX2 don PlayStation 2, Dolphin kuwa GameCube da Wii. RetroArch tana tara na'urori da dama wuri guda, sai dai saita ta na buƙatar haƙuri.

Inda aka fi jan magana shi ne hoto. An zana yawancin waɗannan wasanni ne don tsohuwar talabijin mai ƙugu, wadda ke ɗan narkar da ɗigo-ɗigon hoton su haɗu. Allon zamani kuwa tona komai yake yi, hoton ya fito da kaifi. Shi ya sa da yawa suka ce a kunna matatar da ke kwaikwayon layukan tsohuwar talabijin, a kuma bar hoton a ma'auninsa na 4:3, kada a miƙe shi har 'yan wasan su zama kamar an danne su. Ni ma nan na tsaya. Wasannin 3D ne kaɗai ƙarin kaifi ke yi wa kyau sosai.

Idan ana jin jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsi, a gwada abin sarrafa wasa na hannu wanda ake jonawa da kebul.

Mai amfani da MAME kuma ya tabbatar fayilolin wasanninsa sun dace da sigar manhajar, in ba haka ba wasu ba za su tashi ba.